Ɗan Ƙwadago Tsakanin Gonar Wani da Ƙofar Masana'anta

Da zarar ruwan shuka ya sauka a Kademi da sauran ƙauyukan Gaya da Ajingi, sai manoma su kasu gida biyu. Akwai mai sauran hatsi a rumbu, wanda zai ɗauki 'yan ƙwadago su nome masa gona a kan kari. Akwai kuma wanda rumbunsa ya ƙare tun bazara. Shi ne zai saɓa fartanya ya nufi gonar wani, don ya sami abin auno tsabar da za a ci da dare. Kafin ya waiwayi tasa gonar, ciyawa ta ci ƙarfin gero. In kaka ta yi ya girbe abin da bai taka kara ya karya ba, baɗi kuma ya sake komawa ƙwadago. Irin wannan hali ne Polly Hill ta bayyana a littafinta na 1972 a kan Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, watau talauci kan hana mutum noma gonarsa.

Da rani sai ya bi hanyar Wudil ya shiga Kano cin rani. In ya taki sa'a ya sami aikin wucin gadi a masana'antun Bompai ko Sharaɗa. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata uku, amma wasu iyayen gida kan sallame shi kafin wa'adin ya cika, su sake ɗaukarsa a matsayin sabo. Ta haka mutum kan yi furfura yana lebura, ba ƙarin girma, ba fansho, ba ko takardar shaidar da zai nuna a gaba.

Masu kare wannan tsari kan ce da babu gara ba daɗi. Lalle yunwa ba ta jira, amma abin takaici shi ne dokar mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar Naira 70,000 a 2024, ta tsame masu aikin jinga da na gona mai bin damina, da duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ashe ɗan ƙwadagon Kademi ba ya cikin lissafi tun farko.

Da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi za su riƙa ba da rancen hatsi a watan Yuni, a biya da kaka ba tare da ruwa ba, da talaka ya fara nome gonarsa kafin ya nome ta wani.