Mun Ga Delu, Ba Mu Ga Yunwar Rabi Ba

A wata hira bayan sujada a nan Nasarawa Burkullu, iyayenmu mata suka tuna mana da wani tsohon fim, Alhaki Kwikwiyo, wanda ya fito a Kano a 1998, lokacin da yawancinmu muna yara. An ɗauko shi daga littafin da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta wallafa a 1990.

Ga labarin a taƙaice. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma matarsa Rabi da 'ya'yansu 9 suna cikin rashi, gama kuɗinsa waje suke tafiya. Ya auro Delu, macen bariki, ya kori Rabi. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, har ta aurar da 'yarta Saudatu ga Alhaji Abubakar. Daga baya gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu kuma ta ci amanarsa. Sai aka taru a kan Rabi, aka matsa mata ta koma ɗakinta.

Da fim ɗin ya fito, ƙorafin masu kallo ya fi yawa a kan wuraren da aka nuna Alhaji da Delu suna taɓa juna, aka ce wannan ba tarbiyyar Bahaushe ba ce. Irin wannan ƙorafi a kan finafinai ya yi ta ƙaruwa, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Ba mu ce kunya ba ta da amfani ba. Mu ma ba mu so 'ya'yanmu su ga abin da bai kamata ba. Amma abin tambaya shi ne, ina fushin da aka yi domin yara 9 da ubansu ya yi watsi da su yana da rai, yana da kuɗi?

Wani zai ce, "Ai wannan maganar masu auren mata da yawa ce, mu Kirista mace ɗaya muke aure." Kada mu ruɗi kanmu. Mace ɗaya a littafin aure na ikkilisiya, wata kuma a ɗakin haya a Gusau ko Sakkwato, wannan ba aminci ba ne. Mu da muke zaune a ƙasar Anka da Bukkuyum mun ga abin da kuɗin zinariya suka yi. Duniya ta ji labarin gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara fiye da 400, amma gidajen da kuɗin dare ɗaya suka watsa, babu wanda ya ƙidaya su. Mutum ya yi shekaru yana cin tuwon dawa da matarsa, ranar da ya sayi babur sabo sai ya ga ta tsufa.

Irin wannan mutum kuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana da abokai da suka san ɗakin, suka san sunan matar, su ne kuma za su zo gidansa su ci abincin uwargida, su ce, "Maman yara, sannu da aiki." Abokin da ya rufa maka asiri a kan cin amanar iyalinka, cikinsa yake yi wa aiki. Mu tuna da annabi Natan. Sa'ad da sarki Dawuda ya ɗauke matar Uriya, sojansa mai aminci, Natan bai ji tsoron gadon sarauta ba. Ya ba shi misalin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci, sa'an nan ya nuna masa cewa shi ne mutumin. Yana cikin 2 Sama'ila sura 12.

A nan ne maganar ta zo kanmu, mu ma'aikatan ikkilisiya da dattawa. Idan 'yar talaka ta yi ciki, ba a cika mako biyu ba an sa ta ƙarƙashin horo, an sanar a gaban jama'a. Idan kuwa mai ba da babban baiko ne, wanda ya saya wa majami'a kwanon rufi, sai mu ce a bi a hankali. Matarsa ta kawo kuka, mu ce, "Mama, ki yi haƙuri, ki ci gaba da addu'a." Abin da aka yi wa Rabi ke nan: an nemi ta yafe, ba a nemi mijin ya tuba ba.

Gafara umarni ce, ba mu musu. Amma sulhun da babu tuba a cikinsa, rufe gyambo ne da tsumma. Kafin mu ce wa mace ta koma, bari mu zaunar da mijin, ya amsa laifinsa da bakinsa, ya rabu da waccan, ya ɗauki nauyin abinci da kuɗin makarantar yara, dattawa kuma su riƙa bin sawu. Ma'auni ɗaya ga mai babur da mai tafiya a ƙasa. Zumuntar maza kuma ta koyi faɗa wa aboki gaskiya tun gida bai rushe ba.

Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta Natan. Amin.