Rijiya ba ta ba da abin da ƙasa ba ta sha ba

A damanar 2024 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a ƙasarmu. Gidaje sun rushe a Maraɗi da Tawa, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi, an yi asarar rayuka da bisashe. Amma da bazara ta zo, a karkara mata sun koma kwana bakin rijiya, makiyaya suna jiran layi. Ina ruwan nan ya tafi?

Ya bi korama ya wuce. Yanzu ruwan sama yakan sauko da ƙarfi cikin ƴan kwanaki, kuma in ya tarar da fako, babu ciyawa babu icce, ba ya tsayawa. Yana kwashe ƙasar gona, ya cika tabki da rairayi. Fanfon da hukuma ke ginawa yana da amfani, amma abin da ƙasa ta sha shi kaɗai yake jawowa.

Mutanen Adar sun riga mu gane wannan. A 1984 aka buɗe aikin Keita da taimakon Italiya, inda jama'a, akasarinsu mata, suka jera duwatsu bisa tuddai, suka datse koramu, suka dasa itatuwa. A Illela kuwa, manoma sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989, suka dawo suka gyara tassa: ƙaramin rami ne da ake ginawa cikin fako, a zuba taki, ruwa ya kwanta ciki. Aka haɗa da rabin wata. A garin Batodi, tsakanin 1994 da 2004, ruwan rijiyoyi ya hau da kamar mita 14, har mata suka buɗe garake inda da ba a noman rani. Ba injin da ya yi aikin tassar nan, sai hauya da haƙuri.

Sai dai akwai magana, kuma ta magabata ce. Fakon da ba ya da mai shi, ran da ya yi ciyawa sai masu shi su yi yawa. Wani ya kafa gona cikin hurumi, wani ya zo da amalanke ya kwashe ciyawar ya kai kasuwa, garmani ya mamaye sauran. Makiyayin da aka ce ya kau da garkensa shekara biyu ko uku don wurin ya farfaɗo, in ya dawo ya iske an shinge, wa zai sake ba shi haƙuri?

Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare makiyaya, burtali da mashaya. Abin da ya rage shi ne kwamitocin ƙasa su rubuta, tun kafin a gina rabin wata na farko, wane ne zai yi kiwo a wurin, da wane wata, kuma wa zai tsare shi bayan ma'aikatan sun tafi.