Akori-Kura Jakin Manomi Ce, Ba Dokin Sukuwa Ba

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 1023 bayan dubu, watau shekarar 2023, mai tsohuwar mota ba ya rasa masu ba shi shawara. Wadda ta fi shiga kunnen masu akori-kura ita ce a canja haƙoran da ke cikin tulun ƙarfen nan na tsakanin ƙafafun baya, a sa na ƙaramar mota, wai don gudu ya ƙaru, shan mai ya ragu. To, manomin Yola, ta wajen Karaye da Rogo, ya kamata ya yi lissafi tukuna kafin ya aika Ƙofar Ruwa a sayo masa ƙarfe.

Ga yadda abin yake. A cikin tulun akwai ƙarafa biyu masu haƙora: ƙarami wanda farfela ke juyawa, da babba wanda ke juya ƙafafu. A ce ƙaramin yana da haƙori 8, babban 39. Sai farfela ta juya kusan sau 5 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Wannan shi ke ba mota ƙarfin ja. In aka musanya da mai 9 da 35, juyi bai cika 4 ba ƙafa ta zagayo. Gudu ya ƙaru ke nan, amma kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ja ya tafi, kuma a kowace giya ne, har ta ɗaya da ta baya.

Masu shawarar ba ƙarya zalla suka yi ba. Motar da ke bin kwalta ba kaya, injinta zai huta, ta ɗan rage shan mai. Amma ba don wannan aka yi akori-kura ba. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna cikin 1975, kuma abin da ya sa 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suka sami karɓuwa a ƙauye shi ne jan kaya. Aikinsu kai taki gona da farkon damina, da fito da rake daga fadama, da kwasar masara da dawa da kaka, a kan yashi da taɓo da gargada.

Motar da aka rage wa ƙarfi, in an cika ta da buhuna, ba ta tashi sai direba ya danne totur yana wasa da kuloci. Nan kuloci ke ƙonewa, inji ya yi zafi. Gangaren da a da ake hawa da giya ta uku, sai an komo ta biyu, man da aka ce za a tara ya ƙone a nan. In kuwa ana gangarowa, inji ba ya riƙe mota kamar da, nauyi ya koma kan birki. Har agogon gudu ma yaudara zai yi, gama daga giya yake ƙirga: yana nuna 80, mota tana 100. Sa tayoyin da suka fi na asali girma shi ma irin wannan ɓarnar yake yi.

Hasarar ba ta tsaya ga mota ba. Rogo in an tone shi, kwana 2 ko 3 ya fara baƙi. Rake in ya kwana a tare nauyinsa raguwa yake yi. Mota ta kafe a rafi ranar kasuwa, garin neman ƙiba an samo rama.

Saboda haka wanda haƙoran motarsa suka cinye, lalle ya canja su, amma da irin na asali. Ya ƙirga haƙoran tsofaffin da hannunsa, ya ƙirga na sababbin kafin ya biya. Ya sayi biyun tare, gama tare ake wasa su, ba a aurar da wani da wani. Ya kai wa bakanike wanda ya iya saiti, in ba haka ba kuka za su yi ta yi har su cinye. Mai son rage shan mai kuwa ya duba iskar taya, da fulogi, da matatar iska, ya kuma bar ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta. Allah ya kai amfanin gona kasuwa lafiya, amin.