Wace Illela injin bincike ya sani?

Illela biyu ce. Akwai ta jihar Tawa a Nijar, wadda takardun hukuma ke rubutawa Illéla, akwai kuma ta jihar Sakkwato, mai babbar kasuwa, wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni a tsallaken iyaka. Ɗalibin da ya rubuta sunan a waya yana neman labarin gida bai da tabbacin wace za a kawo masa, domin injunan bincike sun saba ɗaukar é da e a matsayin harafi guda. Daga nan ya kamata muhawarar zaɓen injin bincike ta fara, amma akasari daga batun sirri take farawa, can kuma take tsayawa.

Batun sirrin ba wasa ba ne. Google na samun kuɗinsa ne daga talla, kuma abin da mutum ya nema yana cikin abin da ake auna shi da shi. DuckDuckGo, da aka kafa a Amurka a 2008, ya yi alkawarin ba zai adana tarihin binciken mutum ba. Startpage na ƙasar Holan da Qwant na Faransa ma da wannan alkawari suke jan jama'a. Ga wanda ke bin labarin iyaka tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe hanyar Ƙonni zuwa Illela, aka kuma dakatar da RFI, kare sawunsa a intanet hankali ne.

Sai dai kare sawu daban, samun labari daban. Yawancin sakamakon DuckDuckGo daga rumbun Bing yake fitowa, Startpage kuwa ya daɗe yana aro daga Google. Wanda ya ƙaura zuwa gare su riga ya canja, jikin na nan. Brave da Mojeek sun gina nasu rumbun, abin a yaba, amma ƙaramin rumbu yakan fara cika da harsunan da suka fi yawan rubutu, Hausa kuwa ba ta cikinsu.

Babban cikas ɗin na rubutu ne, kuma nan ne masanin harshe ke da ta cewa. A tsarin Unicode, é tana rabuwa gida biyu, e da alamarta, don haka na'ura na iya cire alamar cikin sauƙi. Ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba sa rabuwa haka. Kowanne harafi ne mai zaman kansa. In ba a koya wa injin musamman ba, Ƙonni da Konni baƙin juna ne a wurinsa. Ga kuma Birni N'Konni na Faransanci, ga Ƙwanni yadda baki ke faɗa. Gari ɗaya, suna huɗu, labarinsa ya warwatse. Haka Tawa da Tahoua. Kalmar da Nijar ke rubutawa ƴaƴa, Nijeriya da alamar ɗauri take rubuta ta, maƙallan waya kuma sukan jefar da duka biyun.

Sakamakon haka, manomin albasar Galmi ko ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza da ya nemi labari da Hausa yakan iya faɗawa shafukan Nijeriya, inda rubutun Hausa ya fi yawa, ko a tura shi Faransanci. Studio Kalangou na watsa shiri da Hausa daga Yamai, amma murya ce, injin kuwa rubutu yake karantawa.

A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Kafin ɗalibi ya amince da kowane inji, sai ya rubuta masa sunan Ƙonni ta siga huɗun nan, ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga labaran da suka zo da Hausa, ya duba kwanan watansu.