KUƊIN HAYA A AGEGE: INA TALAKA ZAI SA KANSA?

Duk wanda ya daɗe a Ikko ya san cewa a da Agege ita ce mafakar mai ƙaramin ƙarfi. Tun zamanin da fataken goro suka kafa Zango a gefen hanyar jirgin ƙasa, baƙo daga Arewa yakan sauka a nan, ya kama ɗaki da ɗan abin da ke hannunsa, ya riƙa shiga cikin gari neman abinci. Yau kuwa, a majalisar mahauta ta Oko-Oba ko a bakin masallaci bayan sallar isha'i, ba zancen da ya fi na ƙarin kuɗin haya yawa.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A 1975, da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, masu gidaje ba su yi wata-wata ba suka ƙara nasu. Abin da ya kawo ɗan sauƙi daga baya shi ne dubban gidaje masu rahusa da Gwamna Lateef Jakande ya gina tsakanin 1979 da 1983, irin na Abesan da ke Ipaja. Watau ke nan da gini aka rage zafin abin a wancan lokaci.

Dalilan tashin na yanzu a fili suke. A ranar 29 ga Mayu, 2023 ne Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kuma a watan Yuni ta saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da ake saya wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a 2024. A watan Fabrairu na 2024 buhun siminti ya wuce Naira 10,000 a wurare da dama. Rodi da kwano da fenti duk suka bi sahu. Mai gini ya dakata, mai tsohon gida kuwa ya ɗora wa ɗan haya nauyin gyara.

Akwai kuma dalilin da ya shafi Agege ita kaɗai. A 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema, aka kuma fara jigilar jirgin ƙasa na Ikko zuwa Ibadan, wanda ke da tasha a Agege. A watan Oktoba na 2024 jirgin jihar Legas mai zirga-zirga tsakanin Agbado da Oyingbo ya fara ɗaukar fasinja, yana tsayawa a Iju da Agege da Ikeja. Unguwar da a da ake guje wa saboda cunkoso sai ta zama kusa da ko'ina. Ma'aikacin ofis da hayar Ikeja ko Yaba ta kora ya dawo nan da albashinsa, shi kuma mai tura baro da mai gadi da mai shayi ba su iya gasa da shi.

To ina suke tafiya? Da yawa sun nausa jihar Ogun, zuwa Sango-Ota da Ifo, ko Ibafo da Mowe a kan hanyar Ibadan. Ɗaki ya fi araha a can, amma fa araha ba ta ado. Abin da mutum ya rage a haya yakan ƙare a kuɗin mota, ga fita tun kafin asuba, ga dawowa bayan yara sun yi barci. Shi ya sa wasu suka mai da iyali gida Arewa, su kuma suka haɗu su biyar ko shida a ɗaki guda, ko suna kwana a rumfar kasuwa.

Bayan hayar kanta akwai kuɗin dillali, da na rubuta yarjejeniya, da na ajiya saboda ɓarna. Waɗannan su ne ke hana mutum tashi ko da ya ga an cuce shi, domin shiga sabon gida ya fi haƙuri da ƙari tsada. Masu gidaje kuwa sun san da haka.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, ta hana karɓar hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, kuma wanda ya karya ta zai biya tarar Naira 100,000 ko ya sha ɗaurin wata uku. Idan babu wata yarjejeniya ta daban, mai biyan wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biyan shekara kuwa wata shida. Dokar ba ta ƙayyade farashi ba, amma ta ba ɗan haya damar kai ƙara kotu idan ƙarin ya wuce hankali, kuma ba a fitar da shi kafin a yanke hukunci. Akwai kuma cibiyar sasanta jama'a ta gwamnatin jihar, inda ake sauraren rikicin mai gida da ɗan haya kyauta.

Sai dai duk wannan kariya tana aiki ne ga mai takarda a hannu. Yawancin 'yan Arewa da baki suke ƙulla haya, su miƙa kuɗi bisa amana, ba rasit, ba shaida. Ranar da mai gida ya sauya magana ba abin da za su nuna wa alƙali. A nan ne sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni suke da aiki: su wayar da kan mutanensu kada wanda ya biya ko kwabo sai da rasit, su kuma samo lauyan da zai riƙa duba yarjejeniya kafin a sa hannu.

Gwamnati kuwa, tun da ta kawo jirgi da gada, wajibi ne ta kawo gidajen da mai albashin Naira 85,000, mafi ƙarancin albashin da jihar ta tsayar a 2024, zai iya kamawa. Muddin masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa, mai gida ne zai ci gaba da yanka farashi, kuma waɗanda kakanninsu suka kafa Zangon Agege su ne za su fara kwashe kaya.