Jiragen da suka zo ceto su ne suka ci Legas

1/ Jiya na ga wani ya rubuta wai mu gode wa Turawan Ingila, don da ba su turo jiragen yaƙi bakin tekunmu ba, da har yau ana sayar da mu. Mutane sai yaɗawa suke yi. To ku gyara zama, mu bi maganar dalla-dalla.

2/ Gaskiya ne, a 1807 majalisar Ingila ta haramta fataucin bayi, a 1808 aka turo jiragen sintiri Afirka ta Yamma. Guda nawa? Biyu. Jirage biyu masu tafiya da iska, a gaɓar teku mai tsawon mil dubu uku. Kamar a ce mutum biyu su yi gadin hanyar Kano zuwa Legas.

3/ Kuma fa kafin wannan doka, jiragen Ingila sun kwashi 'yan Afirka sama da miliyan uku zuwa ƙetare. Ɓarawo ne ya ci ya ƙoshi, sannan ya ɗauki sandar gadi.

4/ Daga baya an ƙara jirage. Zuwa 1860 sun kama jiragen bayi kusan 1,600, sun sauke mutum kusan 150,000. Amma bayan 1807 an tsallakar da wajen miliyan uku, galibi zuwa Brazil da Cuba. Ko ɗaya cikin goma ba a ceto ba.

5/ Me ya sa? Jiragen fatake sun fi na soja gudu. Sannan yarjejeniyoyin farko sun ce sai an tarar da bayi a cikin jirgi kafin a kama shi. Sai wasu fatake suka riƙa watsa mutane a teku in sun hango sintiri. Da Sifaniya, sai 1835 aka yarda cewa sarƙoƙi da tulin ruwan sha ma hujja ce.

6/ Waɗanda aka ceto kuma gida aka mai da su? Ina! Freetown ta Saliyo aka kai yawancinsu. Wasu aka sa su soja, wasu aka raba su aikin "koyon sana'a" da kan kai shekara 14. Matuƙa kuma ana biyan su lada a kan kowane kai.

7/ Akwai Hausawa da Barebari a cikinsu. Ali Eisami ɗan Barno ne, an bi da shi ta ƙasar Hausa har bakin teku, jirgin sintiri ya tare su a 1818. A Saliyo ya tsufa, shi ya koya wa Bature Koelle Barbarci.

8/ Ga inda gizo ke saƙar. A Disamba 1851 wannan rundunar ta yi wa Legas luguden wuta, lokacin har ta fara samun jirage masu tururi. Aka kori Sarki Kosoko, aka ɗora Akitoye. A 1861 aka sa ɗansa Dosunmu hannu a takarda, Legas ta zama ta Ingila.

9/ A Legas ɗin Glover ya kafa rundunar Hausawa a 1863, tushen sojan mulkin mallaka. Shekara 40 bayan haka, 1903, Kano da Sakkwato suka faɗi. Wanda ya tare maka bakin ruwa, wata rana zai shigo zaure.

10/ Ban ce ba a ceci kowa ba. Samuel Ajayi Crowther yana yaro aka sauko da shi daga jirgin bayi a 1822. Matuƙa sama da 1,500 suka mutu, yawanci da zazzaɓi. Talakawa ne, sun cancanci a tuna da su. Amma gwamnatinsu da ta 'yanta bayi a 1833, fam miliyan 20 ta biya iyayengiji. Bayin ko sisi.

11/ Mu ma kada mu wanke kanmu. Namu ne suka kamo, namu suka sayar. Kuma Turawan nan masu "ƙin bauta" sun mulki Arewa sama da shekara talatin kafin su haramta ta gaba ɗaya a 1936.

12/ Don haka in an ce ka gode, tambayi mai maganar: jirgin da ya sauke Crowther kake nufi, ko wanda ya ƙona Legas? Tuta ɗaya ce a kansu.