Rana Ɗaya, Aiki Biyu

Tun a 1984 ne Aftim Acra da abokan aikinsa na Jami'ar Amurka da ke Beirut suka bayyana cewa in an zuba ruwan sha cikin kwalba garau aka shanya a rana, wani haske da ido ba ya gani yakan kashe ƙwayoyin cutar gudawa da kwalara. Awa 6 sun isa in rana ta buɗe, in kuwa gajimare ya rufe, sai kwana 2.

To, shi farantin lantarkin rana zafi ne abokin gabarsa: gwargwadon zafinsa, gwargwadon raguwar wutarsa. Saboda haka masana a ƙasar Sifen suka shimfiɗa ruwa bisa farantin, suka rufe da gilashi. Ruwan ya tsarkaka, ya kuma sanyaya farantin, sauran hasken ya ratsa ya zama lantarki.

Amma fa a kula: ruwa mai laka sai an tace tukuna, kuma rana ba ta cire guba. Asibitin ƙauye, wanda ba famfo ba wuta, shi ya fi cancanta hukuma ta fara gwada masa wannan dabara.